Miriam Makeba: Minti Huɗu a Fim, Shekara 31 a Gudun Hijira

Duk wanda ya yi wayo a zamanin kaset ɗin bidiyo, lokacin da ake karo-karo a ɗauko hayar fim a cika ɗaki ana kallo, da wuya a ce Sarafina! ya wuce shi. Abin da ya fi zama a ran yawancinmu shi ne 'yan makarantar Soweto suna rawa da waƙa a gaban bindiga, da malamarsu ta tarihi wadda Whoopi Goldberg ta fito a matsayinta, da ita kanta yarinyar, Leleti Khumalo. Amma akwai wata dattijuwa a fim ɗin da ba kowa ya kula da ita ba. Tana sanye da rigar 'yan aiki, tana kai da kawo a gidan wasu Turawa, tana rainon 'ya'yansu, nata kuwa sai ta yi kwanaki ba ta sa su a ido ba. Ita ce Angelina, mahaifiyar Sarafina, kuma wadda ta fito a matsayinta ita ce Miriam Makeba. A 1992 da fim ɗin ya fito ta cika shekara 60. Kafin nan ta yi waƙa a gaban Shugaba Kennedy na Amurka da Sarki Haile Selassie na Habasha, ta yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karɓi lambar Grammy. To me ya kai mai wannan daraja ɗaura ɗankwalin aikatau? Ni a ganina, duk fitowar da ake tuna Makeba da ita, a dandamali ko a fim, wani yanki ne na rayuwar mahaifiyarta take maimaitawa.

An haife ta ranar 4 ga Maris, 1932, a unguwar talakawa ta Prospect da ke Johannesburg. Mahaifinta Caswell ɗan ƙabilar Xhosa ne, mahaifiyarta Christina 'yar ƙabilar Swazi. An riga an gargaɗi Christina cewa wata haihuwar tana iya zama ajalinta, to da naƙuda ta yi tsanani sai kakar jaririyar ta riƙa nanata wata kalma ta yarensu mai nufin ke kika ja wa kanki. Daga nan yarinyar ta samo sunanta na farko, Zenzile. Kwananta 18 a duniya 'yan sanda suka kama uwar da laifin dafa umqombothi, wata giyar hatsi dangin burukutu da doka ta hana baƙar fata sayarwa. Tarar ba ta taka kara ta karya ba, amma gidan ba su da ita, sai aka yanke mata wata shida, ta shiga gidan yari da jaririyarta. Ba yabon giya nake yi ba, sai dai mai karatu ya san halin da ake ciki: mace baƙa a Johannesburg ta wancan zamani kusan hanyar abincinta biyu ce, ko wanki da aikatau a gidan Bature, ko tukunyar giya a bayan ɗaki. Christina ta yi duka biyun. Daga baya kuma ta zama sangoma, wato mai maganin gargajiya da ake cewa iskokin kakanni na hawa kanta, kusan abin da mu za mu kira 'yar bori.

Uban ya rasu tana da shekara shida. Uwar ta koma kwana a gidajen da take aiki, yarinyar ta zauna wurin kakarta a wajen Pretoria. A makarantar mishan ta Kilnerton ta fara waƙa cikin mawaƙan coci, amma karatun bai yi nisa ba, ita ma aikatau ta shiga. A 1948 jam'iyyar National Party ta hau mulki, ta mayar da wariyar launin fata da dama can ake yi ta zama tsarin ƙasa baki ɗaya. Shekara ɗaya bayan haka, tana da 17, ta auri wani mai koyon aikin ɗan sanda, ta haifi Bongi a 1950, daga ita kuma ba ta ƙara ba. Auren duka ne da wulaƙanci, bai wuce shekara biyu ba. Ta fito ba ta da wani jari sai muryarta.

Ta fara da wata ƙaramar ƙungiya mai suna Cuban Brothers, sannan tana da shekara 21 Manhattan Brothers suka ɗauke ta. Su ne kan gaba a lokacin, maza huɗu masu kwat da hula, suna ɗauko salon mawaƙan baƙaƙen Amurka suna zuba shi cikin Zulu da Xhosa. Ita kaɗai ce mace. Faifanta na farko da ya yi tashe shi ne Lakutshona Ilanga, waƙar Mackay Davashe, labarin wanda masoyi ya ɓace masa, yana bin asibitoci da gidajen yari yana cigiya. Duk baƙin mutum ya san inda aka dosa, don kusan kowane gida an taɓa neman wani ta wannan hanya. Da kamfanin Gallotone ya so sayar da waƙar a waje, sai aka ɗora mata baitocin Turanci na soyayya zalla, aka share asibiti da kurkuku, aka kira ta Lovely Lies. A haka ta shiga jerin waƙoƙi 100 da suka fi kasuwa a Amurka a 1956, karo na farko ga wani faifai daga Afirka ta Kudu. A shekarar ce kuma ta shiga Skylarks, ƙungiyar mata zalla. Kuɗin zama ɗaya ake biyan su a sallame su. Ko faifai ya ƙare a kasuwa, ba su da kaso.

Sai 1959, shekarar da komai ya juya. An yi wani ɗan damben boksin ɗan ƙabilar Zulu, Ezekiel Dlamini, da ake wa kirari da King Kong saboda girman jiki da ƙarfin tsiya. Ya riƙe kambun baƙar fata a ajin masu nauyi, daga baya tauraronsa ya dushe, ya koma gadin ƙofar gidajen rawa, har kishi ya kai shi ga kashe budurwarsa. A kotu ya roƙi a yanke masa hukuncin kisa, alƙali ya ba shi shekara 12. A 1957 ya faɗa cikin wani dam a gidan yarin da yake, ya mutu. Wannan labari aka mayar wasan daɓe mai kiɗa da waƙa. Todd Matshikiza, ɗan jarida a mujallar Drum kuma makaɗin piyano, shi ya tsara kiɗan, Harry Bloom ya rubuta labarin, Leon Gluckman ya ba da umarni. Nathan Mdledle na Manhattan Brothers ya fito a King Kong, Makeba kuma ta fito a Joyce, magajiyar wata mashaya ta ɓoye mai suna Back of the Moon. Cikin makaɗa akwai Kippie Moeketsi da Jonas Gwangwa da wani saurayi ɗan shekara 19 mai busa ƙaho, Hugh Masekela.

An buɗe wasan ranar 2 ga Fabrairu, 1959, a babban zauren Jami'ar Witwatersrand, ɗaya daga cikin 'yan wuraren da baƙi da fari za su iya kallo a ƙarƙashin rufi ɗaya. Nelson Mandela, wanda a lokacin ake yi wa shari'ar cin amanar ƙasa, yana cikin 'yan kallo. Wasan ya zagaya manyan birane, mutum wajen 200,000 suka gan shi. A nan ya kamata a tsaya a duba abin da Makeba ta yi, domin Joyce ba waƙa kaɗai take ba. Magajiyar mashaya dole ta iya tafiyar da mashayi da ɗan daba da ɗan sanda a dare ɗaya, ta yi wa wannan fara'a, ta nuna wa wancan ƙofa, ta san inda za ta ɓoye kaya in an kawo samame. A ƙarshen wasan kuma Joyce mutuwa take yi a hannun wanda ke son ta. Makeba ba a makarantar wasan kwaikwayo ta koyo wannan ba, a tsakar gida da lungunan unguwa ta gani. 'Yar matar da aka ɗaure saboda tukunyar giya ce ta hau dandamali a matsayin mai sayar da giya, Turawa cike da kujeru suna tafa mata. Da aka kai wasan Landan a 1961, Peggy Phango ce ta gaje ta, don ita tuni ta yi gaba.

Abin da ya fitar da ita wani ƙaramin fim ne. Lionel Rogosin, Ba'amurke, ya shigo ƙasar da niyyar nuna wa duniya yadda baƙar fata ke rayuwa, ya kuma san in ya faɗi gaskiya ba za a bar shi ya kunna kyamara ba. Sai ya nuna wa hukuma fim ɗin kaɗe-kaɗe yake ɗauka. A ɓoye ya haɗa Come Back, Africa, labarin wani Zachariah da ya baro ƙauye zuwa mahaƙar zinare, ya riƙa faɗawa daga wannan aiki zuwa wancan, matsalar takardar izinin zama a birni na bin sa duk inda ya sa ƙafa. An ɗauki wani ɓangare a Sophiatown, unguwar da ta tara marubuta da makaɗa da 'yan siyasa, a daidai lokacin da gwamnati ke rushe ta. Tun Fabrairun 1955 aka fara kwashe mutanenta da motoci, daga baya aka gina wa Turawa gidaje a kan kufan, aka raɗa wa wurin Triomf, wato nasara. A wani dare cikin fim ɗin, marubutan Drum irin su Can Themba da Lewis Nkosi da Bloke Modisane na zaune a mashaya suna gardamar siyasa, sai wata budurwa, wato Makeba, ta shigo aka roƙe ta ta yi waƙa. Ta yi guda biyu, mutanen ɗakin suna amsawa. Duka-duka minti huɗu ne.

Da wuya a samu minti huɗu da suka yi wa mai su tsada kamar waɗannan. Rogosin ya nema mata fasfo don ta halarci bikin fina-finai na Venice a Italiya, inda fim ɗin ya samu kyautar masu sharhi. Ta bar gida da niyyar ta je ta dawo. Daga Venice ta wuce Landan, a can ta haɗu da Harry Belafonte, mawaƙi kuma ɗan fim, wanda ya zame mata uban gida. A watan Nuwamba ta fito a shirin talabijin na Steve Allen, ba da jimawa ba ta fara wasa a Village Vanguard da ke New York. Amurkawa suka ga abin da ba su saba gani ba: mace baƙa da gajeren gashinta yadda Allah ya halitta, ba miƙarwa ba ƙari, tana waƙa da yaren da ake ƙyasta harshe a cikinsa. Sunan wata waƙar biki ta Xhosa, Qongqothwane, ya gagare su faɗa, suka hutar da kansu suka kira ta The Click Song. Tun tana gida ma ta ƙi a sa hotonta a tallan man bilicin, a zamanin da wannan talla ya cika mujallun baƙar fata.

Ranar 21 ga Maris, 1960, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu zanga-zangar ƙin takardar izini a Sharpeville, suka kashe mutum 69, har da 'yan'uwanta biyu. Ba a jima ba aka aiko mata mahaifiyarta ta rasu. Da ta tashi shirin zuwa jana'iza, sai ta tarar an soke fasfonta, ba tuhuma, ba kotu. Har zuwa lokacin tana kaffa-kaffa da maganar siyasa a bainar jama'a saboda dangin da ta baro. Daga nan ta fara sakin baki. A Mayun 1962 ta yi waƙa a bikin zagayowar haihuwar Kennedy, daren da Marilyn Monroe ma ta yi tata. A Mayun 1963 Haile Selassie ya gayyace ta Addis Ababa ta yi wa shugabannin da suka taru don kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka waƙa, taron da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Hamani Diori suka halarta. A Yulin shekarar ta zauna gaban kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launin fata, ta nemi duniya ta ƙaurace wa gwamnatin Pretoria, musamman a daina sayar mata da makamai. Martani bai ɓata lokaci ba: aka ƙwace mata zama 'yar ƙasa, aka haramta faya-fayenta. Ƙasashe irin su Gini da Aljeriya da Ghana suka ba ta fasfo, har ta riƙe guda tara a rayuwarta. Ta sha faɗa cewa ita ba siyasa take rerawa ba, gaskiyar abin da ta gani ne. Masu mulkin ƙasarta ba su taɓa ganin bambanci tsakanin biyun ba.

Shekarun da suka biyo baya su ne ganiyarta a Amurka. Ta auri Masekela, auren bai daɗe ba, amma zumuncin kiɗa ya ɗore har mutuwa. Faifan da suka yi da Belafonte a 1965 ya ci Grammy a 1966, ita ce mawaƙiyar Afirka ta farko da ta samu. A 1967 Pata Pata, wata tsohuwar waƙar rawa da ta baro a Johannesburg, mai nufin taɓa-taɓa, ta kai matsayi na 12 a jerin Billboard. Ita kanta ba ta ɗauke ta cikin waƙoƙinta masu nauyi ba, amma ita duniya ta riƙe. Sai a 1968 ta auri Stokely Carmichael, matashin da ya yayata taken Black Power, wanda hukumomin Amurka ke wa kallon ɗan ta da zaune tsaye. Nan take kasuwa ta watse. Masu shirya wasa suka riƙa soke yarjejeniya ɗaya bayan ɗaya, kamfanin faifai ya janye jiki, jami'an leƙen asiri suka shiga bin sawunsu. Ba wanda ya rubuta doka a kanta kamar yadda Pretoria ta yi, amma abin ya zo ɗaya. An ji daɗin sauraron ta muddin zaluncin da take kuka da shi yana can ƙetaren teku. Da ta auri mai tona na cikin gida, sai aka ɗauke kai.

Shugaban Gini, Ahmed Sékou Touré, ne ya buɗe mata ƙofa. Ƙasarsa ce ta ce wa De Gaulle na Faransa a'a a ƙuri'ar 1958, shi kuma yana ɗaukar kiɗa aikin gwamnati: makaɗa na cin albashi kamar malaman makaranta, ga kamfanin faifai na ƙasa mai suna Syliphone. Kwame Nkrumah na Ghana ma yana Konakiri tun da aka hamɓarar da shi a 1966, kuma daga sunayen mutanen nan biyu Carmichael ya haɗa sabon sunansa, Kwame Ture. Makeba ta shekara wajen 15 a can. Ta yi gida a Dalaba, cikin tsaunukan Futa Jalon na Fulani, ta yi waƙa da harsunan ƙasar. Daga Gini ta zagaya nahiyar: bikin al'adun Afirka na birnin Aljiyas a 1969, wasan Kinshasa na 1974 da aka shirya don damben Muhammad Ali da George Foreman, da FESTAC a Legas a 1977, bikin da aka yi hawan dabarsa a Kaduna. A 1975 Gini ta sa ta cikin wakilanta a babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1983 ta sake fitowa a fim, Amok, na Souheil Ben-Barka ɗan Maroko, shi ma labarin Afirka ta Kudu ne da dole aka ɗauka a wajenta, ya kuma ci babbar kyauta a bikin fina-finai na Mosko.

Amma zaman Gini yana da tabonsa, kuma bai dace mai ba da tarihi ya tsallake shi ba. Mai masaukin nata shi ne mai sansanin Boiro, inda aka tsare dubban mutane, da yawansu ba su fito da rai ba. A 1976 ya zargi Fulani da ƙulla masa makirci, aka kama Diallo Telli, sakatare-janar na farko na ƙungiyar nan da Makeba ta yi wa waƙa ranar kafa ta. An hana shi ci da sha har ya mutu, 'yan makonni bayan an tashi daga FESTAC. Makeba ta ci gaba da zama ta kusa da gwamnatin, ta riƙe amanar Touré har ya mutu. Ana iya cewa wadda ƙasashe biyu suka rufe wa ƙofa ba ta da bakin faɗa wa mai gida na uku. Uzuri ne mai ƙarfi, amma bai wanke ta tas ba.

Daga nan rashi ya yi ta bin rashi. Aurenta da Carmichael ya mutu a 1978. Touré ya rasu a Maris 1984, sojoji suka karɓe ƙasar. A 1985 Bongi ta rasu bayan haihuwa, tana da shekara 34. Ba 'ya kaɗai ta rasa ba, har da abokiyar aiki, don Bongi ce ta rubuta mata A Luta Continua, taken 'yan gwagwarmayar Mozambik ɗin nan da ɗaliban jami'o'inmu suka mayar nasu. Ta kwashi jikoki biyu ta koma Brussels a Beljiyam. A 1987 mawaƙin Amurka Paul Simon ya ɗauke ta, ita da Masekela, a yawon wasan faifansa Graceland, abin da ya jawo surutu, domin Simon ya je Johannesburg ya yi aiki da makaɗan can alhali Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira a ƙaurace wa ƙasar. Aka ga abin mamaki a Landan: masu adawa da wariya riƙe da kwalaye a ƙofar zaure, a ciki kuwa matar da ta kai ƙarar wariyar gaban duniya shekara 24 kafin ranar. A 1988 ta fitar da Sangoma, waƙoƙin da ta ji a bakin mahaifiyarta, na warkarwa da na roƙon kakanni, kusan murya zalla, a wurare da dama ita ke bayarwa ita ke amsawa. Da za a ce in zaɓi faifanta ɗaya, shi zan nuna, ba Pata Pata ba.

An saki Mandela ranar 11 ga Fabrairu, 1990, ya kuma nemi ta dawo gida. Ranar 10 ga Yuni ta sauka a Johannesburg da fasfon Faransa, kamar baƙuwa, ta je kabarin uwar da ba ta samu binnewa ba. Shekara biyu bayan nan aka ga Angelina. Sarafina! wasan daɓe ne na Mbongeni Ngema tun 1987, a kan boren ɗaliban Soweto na 1976, Darrell Roodt ya mayar da shi fim. Mai karatu zai tuna wurin da yarinyar ta je gidan Turawan ta dubi uwar da raini: a wurinta ubanta da ya mutu a fagen gwagwarmaya shi ne jarumi, uwar kuwa baiwar farar fata ce. Uwar ta tuna mata cewa jarumin ya tafi ya bar ta da 'ya'ya, kuma da wannan aikin da ake rainawa ake ɗora tukunya. Bayan an kama yarinyar an azabtar da ita an sako ta, wurin uwar ta koma da sanyin jiki. Makeba ba ta cika motsi a waɗannan wurare ba. Ta san yadda 'yar aiki ke rage murya a gidan da ba nata ba, da yadda take magana da 'yarta kunnenta ɗaya na wajen uwar ɗaki. Ta yi aikin da hannunta, uwarta ta tsufa a cikinsa.

Akwai asarar da ba a cika lissafawa ba in ana maganar gudun hijirarta, ita ce ta wasan kwaikwayo. Murya ana tafiya da ita ko'ina, ko mai sauraro bai ji yaren ba zai ji daɗin sautin. Ɗan wasa kuwa sai da harshensa da mutanensa da labaran unguwarsu. Tsakanin Joyce da Angelina shekara 33 ne, kuma abin da ta samu a tsakani bai taka kara ya karya ba: ga Amok, ga 'yan fitowa a talabijin irin wadda ta yi a The Cosby Show a 1991. Wadda ta riƙe babban wasan daɓe tana da shekara 26 ta cancanci fiye da haka. Sunan Mama Afirka da aka laƙaba mata girmamawa ce, amma ya rufe wannan gefen, har mutane suka riƙa ganin tuta a inda ya kamata su ga gwanar sana'a.

Tsufanta ya zo da lambobin yabo. A 1999 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa ta jakadiya, a 2002 ta karɓi kyautar Polar a Suwidin, ta kuma kafa gidan kula da 'yan mata marasa galihu a Midrand. A 2005 ta fara yawon bankwana da dandamali, amma bankwanan ya ƙi ƙarewa, duk da ciwon gaɓoɓi da ya sa ta a gaba.

A watan Satumban 2008 'yan bindigar Camorra, gungun 'yan ta'addar yankin Naples, suka harbe baƙi 'yan Afirka ta Yamma shida a wani shagon tela a Castel Volturno, garin da 'yan Ghana da 'yan Najeriya masu neman abinci suka yi yawa a kudancin Italiya. Aka shirya wasa a garin don mara wa Roberto Saviano baya, marubucin da ya tona asirin gungun a littafinsa Gomorrah har suka sha alwashin kashe shi. Aka gayyaci Makeba, ta amsa. Ranar 9 ga Nuwamba ta hau dandamali, ta rufe da Pata Pata, waƙar da take ganin ba ta da nauyi. Tana gamawa ciwon zuciya ya kayar da ita, aka garzaya da ita asibitin Pineta Grande, a nan rai ya yi halinsa cikin daren. Shekararta 76, kusan 31 daga ciki a ƙasar wasu ta yi su.